Latsi Ɗaya, Layi Dubbai: Hanyar Tasi'u ta Gyaran Teburin Manoma

Kai da aka damƙa wa kwamfuta da rumbun bayanai, aka ce ka bi kowane layi na tebur ka yi masa aiki iri ɗaya, sauke kayanka, ka iso. Na yi maka alkawari, ba irin na lokacin zaɓe ba: in ka bi matakan nan yadda na jera su, aikin da kake ta fama da shi tun rani zai ƙare kafin shayinka ya huce. Ba a taɓa samun wanda ya bi wannan hanya aikinsa bai ƙare ba. Wasu ma har aikin da suke ci da iyali da shi sai da ya ƙare.

Ba daga littafi na ɗebo ba. Hanyar Tasi'u ce, wani mutumin Kukar Inuwa a ƙasar Ɗanbatta, wanda ya gwada ta a shekarun nan na matsi, lokacin da man fetur ya zama abin shinshinawa daga nesa, kwanon gero kuma ya fara kallon talaka sama da ƙasa. Duk abin da zan ce ka yi, shi ya riga ka yi, kuma yana nan da ransa.

Mataki na 1: Ka san teburinka, kada ka bari kowa ya sani

Teburin da muke magana ba na mai shayi ba ne. A cikin rumbun bayanai yake, kuma kowane layi nasa mutum ɗaya ne: sunansa, lambar wayarsa, faɗin gonarsa. Fankshin kuwa wani ɗan umarni ne mai kama da injin niƙa: ka zuba masa abu ta sama, ya sarrafa, ya fito maka da shi ta ƙasa. Wannan bayanin ya ishe ka. In wani ya tambaye ka, girgiza kai ka ce abin da zurfi.

Tasi'u ya gama karatun kwamfuta a Bici, ya dawo gida da takarda, takardar ta shige ƙarƙashin katifa ta kwanta. Ya yi aure, matarsa Huseina ta haihu, gonar gadonsu kuwa in ka yi tuntuɓe a wannan gefen sai ka faɗi a wancan. Ana cikin haka wata ƙungiyar agaji daga birni ta ce za ta raba wa manoman yankin takin zamani, amma da sharaɗi: sai an gyara sunan kowa a rumbunta, an mayar da faɗin gonarsa daga eka zuwa hekta, an kuma lissafa buhu nawa ya cancanta. Sunayen an riga an shigar, amma a hargitse. Muhammadu kaɗai an rubuta shi ta hanyoyin da mai sunan ba zai gane kansa ba.

Alhaji Hamisu, shugaban ƙungiyar manoman, wanda gonakinsa suka kusa zagaye garin, ya kira Tasi'u ya miƙa masa kwamfuta. Albashi kuwa hatsi ne duk wata. A shekarar nan, wanda ya sami albashin hatsi ya fi wanda ya sami na kuɗi kwanciyar rai.

Mataki na 2: Fara da hanyar wahala, don mutane su ga zufarka

Kada ka yi gaggawar nuna gwaninta. Masu iya magana sun ce wanzamin da ya gama aski da wuri, kan ƙarami ne.

Tasi'u ya rubuta fankshinsa, ya yi kyau. Sannan ya umarci kwamfutar ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Rumbun kuwa yana can birni cikin wata babbar na'ura, don haka sai kwamfutar ta aika a miƙo mata layi guda, ta zuba shi a fankshin, ta mayar da shi birni, ta jira a ce an karɓa, sannan ta nemi na gaba. Sabis a Kukar Inuwa ba ya sauka ƙasa, sai a kan rufin siton ƙungiya. Can Tasi'u ya kafa ofis, da tabarma da lema da tsani.

Mutane suka riƙa taruwa a ƙasa suna kallonsa. Yakan leƙo ya ce an wuce layin wane, sai a yi wa wane barka kamar an yi masa haihuwa. Waɗanda ba a zo kansu ba suka fara hawa tsanin da ƙwan zabi, da fura, wani har da ɗan zakara, wai ko a ɗan turo layinsu gaba. Tasi'u ya san babu yadda za a turo layi gaba, amma ya san yadda ake soya ƙwan zabi. Sunansa ya koma Injiniya. Huseina ta ƙara kumari, yaron ya yi kumatu.

Sai dai batir ba ya jin sunan girma. Kafin azahar ya mutu, sai an tayar da janareto, janareto kuwa fetur yake sha, fetur kuma Alhaji Hamisu ne ke saya, yana saya yana salati.

Mataki na 3: Jira sai ruwa ya sauka

Aikin da babu wa'adi a kansa ba ya jin magana. Bari sai wuta ta zo gemu.

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka, gero ya tsiro. Sai ofishin birni ya bugo waya ya ce ranar Lahadi, ranar kasuwar Ɗanbatta, za a rufe rumbun, a loda motoci bisa abin da ke ciki. Duk ƙungiyar da ba ta gama ba, sai baɗi in da rai.

Alhaji Hamisu, da bai taɓa hawa tsanin ba, ran nan ya naɗe babbar riga ya hau. Ya tambayi ina aka kwana. Tasi'u ya duba abin da aka yi, ya duba abin da ya rage, ya ga in aka ci gaba a haka, za a gama ne lokacin da ake ɗaure damin gero. Ya faɗa masa da murya ƙasa-ƙasa. Alhaji ya daɗe yana kallon gonakin da suka shimfiɗu ko'ina, gida na jikin gona, gona na jikin gida, babu wani fili da ba na wani ba. Sannan ya ce in takin nan ya wuce garin, ba shi zai yi wa mutane bayani ba, zai dai nuna musu tsani.

Tasi'u ya sauko ya kasa cin tuwo. Ba maganar albashi kaɗai ba. Ya san gidajen da suka sayar da akuyar ƙarshe suka sayi iri, suna jiran takin nan kamar yadda ake jiran ganin wata.

Mataki na 4: Nemi shawarar aboki, musamman wanda yake kan babur

Shawara ta fi daɗi in iska na kwashe rabinta.

Tasi'u yana da abokin karatu, Basiru, wanda ke gyaran kwamfutoci a Bacirawa. Ya kira shi, ya same shi a kan babur cikin cunkoso. Ya kwashe labari ya faɗa masa. Basiru ya yi dariya har mai motar da ke bayansa ya danna masa oda.

"Kai Tasi'u, rijiya kake kwashewa da cokali," in ji shi. "Me ya sa kake ɗauko layi kana mayarwa? Aika fankshin ɗin can birni, ka ba rumbun umarni ɗaya, ka ce ya zuba kowane layi a ciki da kansa. Aikinsa ke nan. Kafin ka ƙifta ido ya gama."

Ya ƙara da gargaɗi uku: ya fara ajiye kwafin teburin, ya gwada a kan layuka kaɗan, kuma kada ya tabbatar da canjin sai ya duba abin da ya fito da idonsa. Tasi'u ya ji duka, kada a yi wa iska ƙazafi. Amma ranar Lahadin ce, rana ta fara karkata, batir ya yi ja, fetur ya ƙare, Alhaji kuma ya rantse ba zai ƙara ɗigo ba. Sauke kwafi a wannan sabis ɗin zai cinye sauran cajin.

Kai ma in ka zo nan, tsallake kwafi. Kwafi na masu raunin tawakkali ne.

Mataki na 5: Gwada da mutum ɗaya, ka manta shi a ciki

Gargaɗi na biyu dai Tasi'u ya ɗan taɓa shi. Ya ce bari ya gwada da layin farko.

Layin farko na Malam Nababa Ja'afaru ne, wani tsoho mai 'yar gona a jikin ta Alhaji Hamisu. Ya zo farko ne don ranar rajista ya riga kowa zuwa, ba shi da wani wurin zuwa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun tafi kudu neman abinci, waya ma ba shi da ita, lambar maƙwabci ya bayar. An san shi da abu ɗaya: doguwar gaisuwa. In ya kama hannunka sai ya tambayi mutanen gida ɗaya-ɗaya, ya gangaro kan jaki, ya sauko kan kaji, ya tambayi ciwon ƙafar da ka yi shekaru da warkewa. Saboda haka in an hango shi sai a canja hanya.

Tasi'u ya rubuta sunan Nababa da faɗin gonarsa da hannunsa a bakin fankshin, ya latsa. Suna ya fito tsaf, eka ta koma hekta, rabo ya fito buhu ɗaya da rabi. Daidai.

Yanzu ga sirrin da ya bambanta gwani da ɗan koyo. Kamata ya yi ya goge sunan tsohon da faɗin gonarsa, ya ce wa fankshin ya riƙa ɗaukar abin da ya tarar a kowane layi. Bai goge ba. Ya kwafe abin yadda yake, da Nababa a bakinsa, ya liƙa cikin babban umarnin da zai bi tebur gaba ɗaya.

Mataki na 6: Latsa

Yi bismilla, ka latsa. Ya latsa.

Bai gama sauke numfashi ba rumbun ya ce an gama, layi dubu kaza sun canja. Ya tambaye shi ko a tabbatar. Ya tabbatar. Batir ya mutu a hannunsa kamar dama abin da yake jira ke nan.

Kafin magariba ofishin birni ya bugo wa Alhaji waya da yabo. Na'urarsu ta duba teburin Kukar Inuwa ta ga babu gurbi ko ɗaya da aka bari fanko, babu kuskuren rubutu ko ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba a duk yankin. Alhaji ya aika wa Tasi'u tsire daga kasuwa. Huseina ta ce ita dama ta san ba a banza ya yi Bici ba.

Kada ka duba sakamako. Wanda ya dafa miya ta yi ƙamshi ba ya buɗe tukunya yana neman ƙuda.

Mataki na 7: In gari ya ruɗe, yi kamar kana neman caja

Lambobin waya kaɗai fankshin bai taɓa ba. Saboda haka washegari da hantsi, duk wata waya da ke ƙauyukan ƙungiyar ta yi ƙara, saƙo ɗaya ya shigo: ana sanar da Malam Nababa Ja'afaru cewa rabonsa buhu ɗaya da rabi ne, ya zo da katin shaidarsa.

Kowa ya ɗauka saƙon ɓatan kai ya yi. Mutanenmu kuwa ba sa riƙe amanar wani. Sai ga su a ƙafa, a keke, a kan jaki, daga ƙauyukan da ko sunan tsohon ba su taɓa ji ba, suna tambayar gidan Malam Nababa don su isar masa da saƙonsa. Mata suka turo mazajensu, limamai suka zo da kansu. Tsohon ya fito ƙofar gida ya ga jama'ar da ko ranar jana'izar matarsa bai gani ba. Kowa ya karanta masa saƙon, ya yi godiya kamar yanzu ya fara ji, ya riƙe hannun mutumin ya soma daga mutanen gida.

Tasi'u ya ari caji a shagon mai aski, ya hau rufi, ya buɗe teburin. Nababa. Ya gangara ƙasa. Nababa. Ya gangara har yatsansa ya gaji. Alhaji Hamisu ya zama Nababa, liman ya zama Nababa, surukarsa ta zama Nababa, shi kansa Nababa ne mai buhu ɗaya da rabi. Ya kira Basiru. Basiru ya yi tambaya ɗaya, ina kwafin, da ya ji babu sai ya ce Allah ya kyauta, ya kashe wayar a hankali kamar mai fita daga ɗakin marar lafiya.

Takardun da aka cike ranar rajista kuwa suna cikin kwali a kusurwar sito. Da aka ɗaga kwalin, gara ta riga kowa karanta su.

Mataki na 8: In doka ta tare ka, bi ta ƙofarta

Motoci suka iso, tare da wani jami'in ofishin mai suna Muhammadu Sani, mutum ne da bai taɓa sa hannu a abin da bai dace da takarda ba. Ya buɗe takardunsa a gaban sito, ya karanta shafin farko, ya juya, ya ƙara juyawa, ya cire tabarau ya goge. Sannan ya ce doka ɗaya ce: ba a ba kowa taki sai mai sunan da ke kan layi, da katinsa, da dangwalen babban yatsansa na dama. Gyaran rumbu kuwa sai an buɗe shi baɗi. Ya ce direbobi su juya.

Wasu suka fara waiwayen Tasi'u, kallon da ba na gaisuwa ba. Tuni Alhaji ya cika alkawari, ya nuna tsani.

Nan ne Tasi'u ya yi abu ɗaya tak da ba na ba ka shawarar ka kwaikwaya, don yana buƙatar zuciya. Maimakon ya sulale ta bayan sito, sai ya fito gaban jama'a, ya ce aikinsa ne, ba na kwamfuta ba. Sannan ya juya ga jami'in.

"Ranka ya daɗe, ka ce sai mai suna da katinsa. To in mai sunan yana nan, kuma katin na aljihunsa fa?"

Muhammadu Sani ya yi ta juya maganar, ya nemi inda ta saɓa wa takarda bai samu ba. Ya ce in haka ne, sai mutumin ya dangwala a kowane layi, ɗaya bayan ɗaya, kuma da yatsan da doka ta ambata.

Tasi'u ya ruga gidan tsohon. Ya tarar wasu 'ya'yan ɗan'uwan tsohon da suka shekara ba su leƙo shi ba sun riga shi, suna nuna masa cewa a takarda duk takin nasa ne, akwai dillalai a Ɗanbatta da za su kwashe yau-yau. Nababa ya saurare su, ya saurari Tasi'u wanda ya durƙusa yana ba da haƙuri. Ya ce gonarsa in aka zuba mata buhu biyu ma ƙonewa za ta yi. Zai dangwala wa kowa. Sharaɗinsa ɗaya: ba zai sa hannu a madadin mutumin da ba su gaisa ba.

Mataki na 9: Koma layi-layi, amma wannan karon da yatsan wani

Aka shimfiɗa wa Nababa tabarma a inuwar sito, aka ajiye masa tawada. Muhammadu Sani na kiran suna, yana bambancewa da ƙarshen lambar waya, mai lambar ya amsa sunan da ba nasa ba, ya zo ya zauna, a gaisa. Tsohon bai rage ko kaza ɗaya ba. Tasi'u na gefe yana juya shafi, yana riƙe masa gwiwar hannu. Aikin da ya ƙare cikin ƙiftawar ido ya dawo ya ci kwanaki. Direbobi suka saba da garin, ɗaya har ya fara zance. Yatsan tsohon ya kumbura ya yi shuɗi, kullum da yamma Huseina na aiko man kaɗanya ana shafa masa. Aka roƙi jami'in a canja yatsa, ya ce takarda ba ta ce haka ba.

Alhaji Hamisu, wanda ya share ɗaki guda yana jiran rabonsa, ya ƙi zuwa har sai da ya ga ana shirin rufewa. Aka kira Nababa mai lamba kaza, aka sake kira, sannan ya amsa da na'am ɗin da ko na kusa da shi bai ji sosai ba. Ya zauna. Tsohon ya kama hannunsa ya tambayi iyali, ya tambayi shanu, ya tambayi mota.

"Yaya kuma iyakar gonarmu, Alhaji? Tana nan inda ka kai ta bara, ko ta ƙara tafiya?"

Alhaji ya ce tana nan. Nababa ya ce madalla, a gaishe ta, ya dangwala.

Sauran rabin buhu. Tun da kowa ɗaya da rabi ne, dole mutum biyu su raba buhu guda, kuma wanda ya biyo ka a layi shi ne abokin rabonka. Wadda ta biyo Alhaji ita ce Safara'u, wata dattijuwa da mijinta ya rasu ya bar mata marayu da ɗan fegi a bayan gida. Da lissafin gaskiya aka bi, abin da za ta samu ba zai cika ƙwarya ba. Ta zo da kwanon awonta, ta ce ita ba ta yarda da rabon ido ba. Ta zauna ta auna, kwano nata, kwano na Alhaji, tana shafe bakin kowanne da tafin hannu, yana tsaye cikin rana. Da ya rage ɗan kaɗan ta raba da hannu. Buhun kuwa ta ce nata ne, ladan awo. Haka aka juye wa Alhaji nasa a bayan mota, tsirara.

Mataki na 10: Karɓi sallama da hannu biyu

Manyan manoman da ke kwamiti suka zauna, zaman bai kai shan ruwa ba. Aka karɓe kwamfuta, aka ɗauke tsani, sunan Injiniya ya bi su. Tasi'u ya koma 'yar gonarsa da buhu ɗaya da rabinsa. Damina ta yi kyau. Ƙananan gonakin da ba su taɓa ganin farin taki ba suka yi baƙi ƙirin, Safara'u ta rasa inda za ta sa gero har ta ari rumbu. Manyan gonaki kuwa suka yi abin da suka iya.

Da shekara ta zagayo, ofishin birni ya ce ba za a sake wannan wasa ba. Aka sake rajista, aka kawo na'urar da ke karanta zanen yatsa, kowa ya koma sunansa da rabonsa. Nababa ya zo tun da sassafe, ya ɗora babban yatsansa. Na'ura ta yi ja. Aka goge, aka hura, aka ɗora, ta yi ja. Yatsan ya suɗe sumul kamar ƙwai, babu zane ko ɗaya. Sabon jami'in ya ce ya yi haƙuri, na'ura ba ta shaida shi ba, a ba na baya wuri. A duk ƙauyukan nan, mutum ɗaya ne bai sami taki ba a shekarar.

Tasi'u yana wurin. Washegari ya ari baro da buhuna, ya fara daga gidan farko na bakin gari. A kowace ƙofa ya yi sallama, ya faɗi magana ɗaya: kwanon takin Malam Nababa. Wani ya cika, wani ya ba da rabi, wata ta ba da tafi biyu tana ba da haƙuri. Safara'u ta auna nata da tozo. A gidan Alhaji an daɗe ba a fito ba, sannan aka miƙo kwano ɗaya, shafaffe. Ya bi gida-gida, ƙauye-ƙauye, ƙafafunsa suka yi kanta, tayar baron ta fashe ya ɗaure ta da tsumma.

Ranar da ya sauke kayan a ƙofar tsohon, Nababa ya dubi buhunan ya ce wannan ya fi ƙarfin gonarsa. Sannan ya gyara zama ya ce ya faɗa masa su wane ne suka bayar. Tasi'u ya ce ai suna da yawa, Baba. Tsohon ya ce shi ba inda za shi.

Sai Tasi'u ya zauna a ƙasa ya fara, kowa da sunansa na yanka da na mahaifinsa, in ya faɗi ɗaya Nababa ya yi masa addu'a, su shafa, ya faɗi na gaba. Aka kira la'asar suka tashi suka yi, suka dawo suka ɗora daga inda suka tsaya.

Kunnenka nawa

Wannan darasi kyauta na ba ka, kuma abin kyauta ba a mayar da shi in ya fashe. In ka latsa ka wayi gari unguwarku duka sunan mutum ɗaya take amsawa, ni ban san ka ba, ba mu taɓa haɗuwa ba, ranar ma ina Bici ɗaurin aure. Kada a kawo mini ƙarar albashin da ya tafi, ko yatsan da ya suɗe, ko surukar da ta ƙi yafe sabon sunanta. Fankshinka ne, teburinka ne, yatsanka ne ya latsa. In kuma ka ga dole sai ka same ni mun yi ta ido da ido, bismilla, zo Kukar Inuwa ka tambayi gidan Nababa. Ka dai zo da abin zama, don sai an gaisa.